Ruwan Legas, Tafkin Wasu: Fashin Baƙi Kan Madatsar Oyan

Akwai wata irin ambaliya da sai wanda ya zauna a bakin kogin Ogun ya san ta. Ba hadari, ba iska, rana na ƙwallewa, amma ka fito sallar asuba ka tarar ruwa ya iso bakin turke. Kafin azahar ya kai ƙauri. Kafin la'asar yara sun fara kora shanu suna hawa da su gefen babban titin Legas zuwa Ibadan, dillalai sun naɗe ƙafar wando, masu tuwo sun ɗora tukwane a kan benci suna ci gaba da ciniki. Haka Kara, kasuwar dabbobin da ke bakin Legas, take zama a wasu shekarun, tsakanin Satumba da Oktoba. Duk wanda ka tambaya me ya faru, amsar ɗaya ce: an buɗe dam.

Yawancin masu faɗin haka ba su taɓa ganin dam ɗin da ido ba. Wasu ma sun ɗauka yana nan bayan Berger, a mashigar Legas. Yana can jihar Ogun, kimanin kilomita 20 arewa maso yamma da Abeokuta, a kan kogin Oyan, wanda shi kuma yake zuba cikin Ogun. Shugaba Shehu Shagari ne ya buɗe shi ranar 29 ga Maris, 1983, kuma yana hannun hukumar raya kogunan Ogun da Osun ta gwamnatin tarayya. Tafkin da ke bayansa ya mamaye hekta 4,000, yana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 270. Babban abin da aka gina shi dominsa shi ne ruwan sha: lita miliyan 525 kullum ga Legas, lita miliyan 175 ga Abeokuta. In aka zuba rabon Legas kaɗai a jarkar nan mai lita 25 da 'yan garuwa ke turawa, jarka miliyan 21 ke nan a kowace rana ta Allah.

Baƙon da ya sauka Legas karon farko zai yi mamakin a ce wannan gari na neman ruwa daga wata jiha. Teku a kudu, lagun (babban tafkin da ke haɗe da teku) a tsakiya, fadama ta ko'ina, ga ruwan sama da ya kusan ninka na Kano. Sai dai ruwan teku gishiri ne, na lagun kuma zartsi, musamman da rani lokacin da koguna suka ja baya teku ta turo nata. Tace gishiri daga ruwa abu ne mai yiwuwa, amma yana cin wuta da kuɗi fiye da yadda garin da ke fama da janareta zai ɗauka. Ruwan sama kuwa yana zuwa ne a dunƙule, daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan huta a Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba, sannan ya ɗauke. Kogin da ke tumbatsa da damina sai ya ƙanƙance a watan Fabrairu. Shi kuwa famfo bai san rani ba.

To ina za a ajiye na damina? Dam yana son kwari mai tuddai a gefe, inda za a toshe ƙaramin baki ruwa ya taru da zurfi. Legas shimfiɗe take kamar faifai, ita ce jiha mafi ƙanƙantar ƙasa a Najeriya, kuma ko taku ɗaya na ƙasarta akwai mai shi. Shi ya sa randar Legas take a ɗakin maƙwabci. Daga nan duk sauran rigimar ta samo asali.

Babu wani bututu da ya taso daga Oyan ya zo Legas. Kogin da kansa shi ne bututun. Da rani ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan, ya bi Oyan ya faɗa Ogun, ya ratsa Abeokuta ya kwashi abin da ya kwasa na dattin gari, ya gangaro har Akute, inda manyan injina ke zuƙo shi su tura matatun ruwa na Iju da Adiyan. Iju na iya tace galan miliyan 45 a rana, Adiyan miliyan 70. Haɗa su ka samu 115, wanda in ka juya shi zuwa lita kusan daidai yake da waccan miliyan 525. A takarda lissafin ya fita tsaf, kamar ɗinkin tela mai hankali.

Abin da takardar ba ta cika nunawa ba shi ne wanda ya biya.

Ƙauyuka 22 ne ruwan Oyan ya haɗiye. Aka kwashe mutanensu aka zuba a matsugunai uku. Ga mai zama a ofis, wannan layi ɗaya ne a rahoto. Amma duk wanda ya tashi a karkara ya san ƙasar da ke bakin kogi ita ce tsokar gona. Nan ne laka ke kwanciya duk shekara, nan ake noman rani, nan dabba ke samun ɗanyar ciyawa lokacin da tudu ya bushe. Dam kuwa ba tudu yake cinyewa ba, kwarin yake ci. Don haka ko an ba manomi fili mai faɗin wanda ya rasa, an karɓi nama ne an ba shi ƙashi. Ban da kaburburan iyaye, da itatuwan da kaka ya dasa jika ke ci, da hanyar kasuwa da a da ake bi da ƙafa yanzu sai da kwale-kwale.

Sannan ga doka. Tun daga dokar mallakar ƙasa ta 1978, ƙasa amana ce a hannun gwamna. In gwamnati ta karɓe ta don amfanin jama'a, diyyar da ake biya ta abin da ke kanta ce: gini, amfanin gona, itatuwa. A ƙirga maka rogon bana da ɗakunan jinka, a biya ka, shi ke nan. Shekara hamsin ɗin da gonar za ta ci gaba da ciyar da zuriyarka babu su a lissafi. Shi kuwa wanda ke noma a gonar aro, da makiyayin da ke ratsawa da rani, da matar da ke tsintar itace da ganye, sau da yawa ko sunansu ba ya shiga takarda, tun da ba su da abin da za su nuna su ce nasu ne. Dokar da ta wajabta binciken illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi sai a 1992 ta zo, shekara tara bayan an buɗe Oyan.

Mu 'yan Arewa ba sai an yi mana dogon bayani a nan ba. Kainji, da aka gama a 1968, ya tashi mutum kusan 44,000, tsohon garin Bussa yana ƙarƙashin ruwa har gobe. Bakolori kuwa, a ƙasar Talata Mafara, da manoma suka tare hanya suna neman diyyar gonakinsu a watan Afrilun 1980, 'yan sanda aka turo musu, aka zubar da jini, kuma har yau adadin da hukuma ta faɗa daban, wanda mutanen wurin ke faɗa daban. Tiga da Challawa sun ba Kano ruwa da noman rani, amma je ka tambayi mutanen Hadeja da Nguru yadda fadamarsu ta koma da yadda kachala ta toshe musu hanyoyin ruwa. Labarin ba na Najeriya kaɗai ba ne. Hukumar duniya da ta yi nazarin madatsun ruwa ta ƙiyasta a rahotonta na shekarar 2000 cewa mutum miliyan 40 zuwa 80 aka tasa daga muhallinsu saboda dam. Dubi tazarar da ke tsakanin lambobin biyu. Ita kanta shaida ce cewa ba a damu da ƙirga su ba.

Tafki yana korar wasu, yana kuma kiran wasu. Da ruwa ya kwanta kifi ya yawaita, masunta suka taho daga nesa suka kafa sansani a bakin Oyan, cikinsu har da Hausawa da dama, ga Fulani da shanunsu a kewaye. Wannan alheri ne, ba a musu. Sai dai ruwan da ya kawo kifin shi ya kawo tsargiya.

Tsargiya na son kwantaccen ruwa mai ciyayi a gefe, don nan ne wata ƙaramar katantanwa ke hayayyafa. Mai ɗauke da cutar ya yi fitsari a ruwa ko kusa da shi, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga katantanwa, ya girma ya fito dubbai. Ba sai ka sha ruwan ba. Tsayuwa kawai ta isa: mai jefa koma, mai wanki, yaron da ya shiga iyo, tsutsar ta huda fata ta shige. Bayan wani lokaci sai a ga jini a ƙarshen fitsari. A ƙauyukanmu da yawa har ana ɗaukar wannan alamar balaga ce ga yaro, a yi dariya a wuce, alhali ciwo ne da ke cin mafitsara a hankali, yana rage jini, yana iya taɓa ƙoda, yana kuma wahalar da mata ta hanyar da ba su cika faɗa ba. Ba a daɗe da cika tafkin Oyan ba cutar ta ɓarke a matsugunan da aka tsugunar da mutane, irin su Abule Titun da Ibaro, kuma masu bincike daga jami'o'i sun yi ta komawa wurin shekara da shekaru suna tarar da ita. Maganinta ƙwaya ce mai araha. Amma ka ba yaro ƙwaya yau, gobe da safe uwarsa ta aike shi ɗebo ruwa a tafkin, me aka yi?

A nan ne abin ke ba ni takaici. Mutumin da aka tasa daga gonarsa don a tara wa birni ruwan sha, shi ne ke shan ɗanyen ruwan tafki. Rijiyar burtsatse mai aiki da makewayi mai kyau a kowane ƙauyen bakin tafki, in aka gwada da kuɗin gina dam, ko kuɗin goro ba su kai ba.

Shi ma kogin yana biyan nasa. Lakar da a da ke gangarawa ta sabunta fadamun ƙasa yanzu tana kwanciya a gindin dam, tana cinye wurin da aka tanada wa ruwa, shekara bayan shekara, kamar randar da ba a wankewa. Ruwan da ya fito babu laka kuma yunwa gare shi, sai ya riƙa zaizayar gaɓa. Kifin da ke hawa sama don yin ƙwai ya tarar da bango. Itatuwan da aka bari ruwa ya rufe suna ruɓewa a ƙasa suna fitar da iskar da ke ƙara ɗumamar duniya, rana kuma na shan nata kaso daga saman hekta 4,000 kullum. Waɗannan duk ba sa shiga labarai, don a hankali suke aukuwa.

Wanda ke shiga labarai shi ne na Kara, kuma shi ne aka fi fahimta a karkace.

Ka ɗauki kanka kai ne aka damƙa wa makullin ƙofofin dam. Aiki biyu aka ɗora maka, kuma kishiyoyi ne. Na farko, ka tabbata damina ta ƙare tafki na cike, don in ya gaza a watan Maris, Abeokuta da Legas za su kwana da ƙishirwa, kai za a zaga. Na biyu, ka bar wuri a tafkin don in ruwa mai yawa ya sauko daga sama ya samu masauki. Cikakkiyar randa ba ta karɓar ƙari. In ka zubar da wuri, ruwan ƙarshen damina ya ƙi zuwa, ka yi asara. In ka riƙe, ya zo da ƙarfi a Satumba, ba ka da zaɓi sai ka buɗe, don dam ɗin ƙasa in ruwa ya haura kansa yankewa yake yi. Wanda ya ga abin da ya sami Maiduguri a Satumbar 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ko ya tuna ɓallewar ta Bagauda a 1988, ya san buɗe ƙofa rahama ce in aka gwada da abin da ke bayanta.

Rashin sa'ar shi ne lokacin da dole ta sa a buɗe shi ne lokacin da ƙasa ta riga ta ƙoshi, kogin Ogun ya cika da ruwan sauran rafukan da babu dam a kansu, ita kuma lagun ta yi tsayi ta ƙi karɓar baƙo da sauri. Sai ruwa ya tsaya yana neman wuri, ya bazu a Akute da Denro da Warewa da Isheri da Kara, ya gangara Agiliti da Mile 12 da Owode Onirin da Ajegunle ta hanyar Ikorodu. A Oktobar 2010 sai da gwamnatin Legas ta kwashe mutane zuwa sansani a Agbowa. An sake gani a 2019, an sake gani a 2023. Hukumar dam ɗin takan ce ba ruwanta kaɗai ba ne, kuma akwai gaskiya a maganar: ko babu Oyan, Ogun zai yi ambaliya. Mazauna kuma sukan ce da an fara saki tun farkon damina kaɗan-kaɗan da ba a kai ga sakin gaggawa ba, su ma da tasu gaskiyar. A 'yan shekarun nan hukumar ta koma sanar da jadawalin sakin ruwa tun da wuri.

Amma akwai wani abu da dam ke yi wanda ba a ƙofa yake ba, a zukatan mutane yake. Kafin a gina shi, kogi na fita duk shekara ya shanye fadamarsa, kowa ya san iyakarsa, ba mai kafa tubali a wurin. Da dam ya riƙe ƙananan ambaliyar shekara-shekara, sai fadama ta yi shekara biyar, shida, a bushe. Masu filaye suka ce ai ruwa ya daina zuwa. Aka yanka, aka sayar, aka cike da jar ƙasa, aka gina rukunin gidaje masu ƙofar ƙarfe, har da filayen da gwamnatoci da kansu suka yanka a yankin Isheri. Duk gidan da aka cike wa ƙasa ya ture ruwan zuwa ga maƙwabcin da bai da kuɗin cikewa. Ran da babbar ta zo, kogin ya dawo gidansa ya tarar da baƙi.

Kuma ba duka baƙin ne ɗaya ba. Mai bene ya hau sama, ko ya kulle ya koma otal a Ikeja. Ɗan ƙwadagon kasuwar Mile 12 da ke kwana a ɗakin katako a Agiliti, wanda ya zaɓi wurin don nan ne haya ke da sauƙi, shi katifarsa da buhun garinsa da 'yan kuɗin da yake tarawa ya aika gida duk a ƙasa suke. Mai shanu a Kara, dabbar da ta yi kwanaki tsaye a ruwa kofatonta ya lalace, ta rame, dole ya karyar da ita. Bashin da ya ɗauko su da shi daga Potiskum ko Maigatari kuwa bai san an buɗe dam ba. Mu ma dai mu faɗi gaskiya a kanmu: jini da tumbi da kashin dabbar da ke gangarawa kogi daga mayanka ba aljanu ke zuba su ba, kuma ranar ambaliya su ne ke dawo mana har cikin rumfa.

Yanzu sai babbar tambaya. An tashi ƙauyuka, an sha tsargiya, ana shan ambaliya. Ruwan fa, wa ke sha?

A gidan hayar da nake a Agege akwai kan famfo a tsakar gida. Tun da na tare ban ga ya ɗiga ba, a kansa mata ke rataya tsumma. Ruwanmu wani dattijo ne ke kawowa, mutumin ƙasar Nijar, da kurarsa mai jarka goma. Tun kafin a kira assalatu yake fita ya kama layi a gidan wani mai burtsatse, ya biya, ya turo kan titin da duk ramuka, ƙafa cikin silifas ɗin da aka ɗinke da waya. Wata safiya yana juye min a baho na ce, "Baba, ka san daga nan zuwa matatar Iju ko a ƙafa mutum zai je?" Ya ɗago ya share gumi da gefen rawani ya ce, "Malam, in famfonku ya kawo ni kuma in ci me?" Muka yi dariya. Amma na daɗe ina juya maganar. Ga matata a bayan gida, ga kogi, ga dam cike da ruwa, ga tsoho na tura lita 250 da ƙirjinsa.

A ƙarshen 2016 wani jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin samun ruwa, Léo Heller, ya ce kimanin kashi 10 cikin ɗari ne kawai na mutanen Legas ke samun ruwan gwamnati. Alƙaluman hukumar ruwan jihar da aka daɗe ana ambato sun nuna duka matatunta, manya da ƙanana, in suna aiki ba tangarɗa, galan miliyan 210 za su bayar a rana, alhali buƙata a lokacin ta kai miliyan 540. Kuma wane ne ya taɓa ganin sun yi aiki ba tangarɗa? Kashi na biyu na Adiyan, mai galan miliyan 70, an fara shi a 2013, ya haura shekara goma ana jan ƙafa. Injinan zuƙo ruwa na buƙatar wuta dare da rana. Abin dariya abin kuka, a jikin dam ɗin Oyan an girke injinan lantarki masu megawat 9 tun lokacin gini, suka shekara talatin da ɗoriya ba su haska ko ƙwai ɗaya ba. Ruwan da aka samu aka tace kuma, wani ya tsiyaye a tsofaffin bututu, wani a sace, wani ya gauraya da na kwata a inda bututun roba ya ratsa lambatu.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Talakan da ke saye jarka-jarka da leda-leda yana biyan kowace lita da tsada fiye da mai famfo a gida, kuma shi ne dai ruwan dam ke tasa da tsakar dare.

Wannan rigima ta girmi kowa a cikinmu. Lokacin da Gwamna Lugga ya buɗe matatar Iju a 1915, mutanen Legas sun yi ta bore kan harajin ruwa, suna cewa don me za su biya kuɗin famfon da Turawa za su fi kowa mora. Herbert Macaulay na cikin masu adawa, Sarkin Legas Eshugbayi Eleko ya ƙi mara wa gwamnati baya, har jama'ar babban masallacin gari ta dare biyu saboda limamin ya goyi bayan harajin. Shekara ɗari da ɗoriya, tambayar ba ta sauya ba, kaya kawai ta sauya.

Kada a ɗauka ina cewa a bar gina dam kowa ya haƙa rijiyarsa. An gwada, ga shi muna gani. Kowane gida da burtsatse, kowane gida da ramin masai, tazararsu taku kaɗan. A Lekki da Victoria Island yawan zuƙo na ƙasa na jawo gishirin teku cikin rijiyoyi, ruwan wasu unguwannin ja ne kamar shayi saboda ƙarfe. A Baruwa, nan kusa da Ipaja, man fetur da ya yoyo daga bututu ya lalata rijiyoyin unguwa guda shekaru da dama. Kwalarar da ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024 ta tuna wa kowa abin da gurɓataccen ruwa ke yi a cunkoso. Gari mai mutum sama da miliyan goma sha biyar ba zai rayu da garuwa har abada ba. Dole a tara ruwan damina a wani wuri, wurin kuma dole na wasu ne.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a fara da kankare. Ɗan siyasa na son dam saboda ana ganinsa, ana yanka kintinkiri, ana ɗaukar hoto. Gyaran bututun da ke ƙarƙashin titin Agege ba mai ɗaukar hotonsa. Amma a yau ba ƙarancin ruwa a tafki ne ya hana famfonmu kawowa ba. Kubik mita miliyan 270, in ka raba da abin da aka tsara bai wa garuruwan biyu kullum, ya haura kwana 380, ko da yake ba duka ake iya zuƙewa ba. Maƙogwaron ne a shaƙe: matata, wuta, bututu. A gina sabon tafki a kan kogin Osun ko na Yewa ba tare da an buɗe wannan maƙogwaro ba, an tashi wasu sababbin ƙauyuka ne kawai don a ƙara wa Baba mai kura layi.

In kuma ranar ginin ta zo, akwai abin da ya kamata a ji amsarsa kafin katafila ta taka gonar kowa. Mutanen da za a tasa, gona za a ba su ko takardar banki da za ta ƙare kafin shekara? An ƙirga mai gonar aro da makiyayi da masunci? Famfon farko a ƙauyen bakin tafki za a kafa shi ko a unguwar masu kuɗi? Sannan dam na tarayya ne, ƙasar ta Ogun ce, masu sha da masu nutsewa rabi a Legas rabi a Ogun. Ranar da ruwa ya ci gida, ƙofar wa za a buga? A yanzu kowa na nuna ɗan'uwansa da baki.

Akwai kuma ƙaramin abu da ba ya buƙatar biliyoyi. Ruwan da aka saki a Oyan ba nan take yake isowa Isheri ba, yana da tafiya mai nisa a gabansa, kuma masu makulli sun san ranar da za su buɗe. Sanarwa a jarida da shafin intanet ba ta isa ga yaron da ke kwana a gindin shanu ba. A kira shugabannin kasuwar Kara da na Mile 12 a waya, a faɗa a masallatai bayan magariba, da Hausa da Yarabanci da Fulatanci, a faɗi rana, a faɗi inda ake zaton ruwan zai kai, a nuna tudun da za a kai dabbobi. Mai shanu hamsin in ya samu kwana uku zai nemi mota, ya nemi dusa, ya sallami yaransa su kwashe kaya tun ƙasa na bushe.